Shirya Fim da Ƙaramin Jari: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka shigo a wannan karo kusan duk a kan batu ɗaya suka haɗu: matasa masu sha'awar shirya fim, aljihu kuma babu nauyi. Mun zaɓi bakwai muka taƙaita su, sannan muka miƙa wa masu ɗaukar hoto, masu ɗaukar sauti da masu haɗa fim da ke amsa tambayoyin wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 19, ina son in fara shirya gajerun finafinai, amma waya ce kawai gare ni, ta Android. Wani ya ce mini in dai ba ni da kyamara ta sosai, ɓata lokacina nake yi. In ci gaba da tara kuɗin kyamara ne, ko in fara da wayar? (Wani ɗalibi)

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanenmu. Ka fara da wayar, kada ka jira. Abin da ya fi wuya a wannan sana'a shi ne sanin inda za a ajiye kyamara da lokacin da za a yanke, kuma da waya ana koyonsa daidai da yadda ake koyo da kyamara mai tsada.

A shekarar 2015 an nuna wani fim mai suna Tangerine a bikin finafinai na Sundance da ke Amurka. Sean Baker ne ya ba da umarninsa, kuma da wayoyin iPhone 5s aka ɗauke shi. Ana yawan kawo wannan misali don ƙarfafa wa matasa gwiwa, sai dai ba a cika faɗin ragowar zancen ba: fim ɗin ya ci kimanin dala 100,000. Tunda waya ce ta yi ɗaukar, ka ga ke nan ba a kyamara kuɗin suka tafi ba. Kyamara ita ce ɓangaren da ya yi araha a zamanin nan. Mutane, sauti, wurin ɗauka da aikin da ake yi bayan an gama, su ne ke cin kuɗi da tunani.

To ga yadda za ka ci moriyar wayar. Kafin ka danna ɗauka, ka goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi. Maiƙon yatsa ne ke sa hoto ya yi hazo-hazo, fitilu su riƙa jan wutsiya, mutane kuma su ɗora wa wayar laifi. Ka tsaya a kan babbar kyamarar, wadda aka rubuta wa 1x, domin ta fi sauran karɓar haske. Kada ka ja zum da yatsu. A yawancin wayoyi ba matso da abu yake yi ba, yanko tsakiyar hoton yake ya buɗa shi, sai ya dishe. In kana son fuska ta cika allo, ka taka ka matsa kusa.

Ka saita girman hoto a 1080p. Na 4K ya ninka shi sau huɗu a yawan ɗigon hoto, yana cika memori, yana zafafa waya, yana wahalar da na'urar da za a haɗa fim ɗin a kanta, alhali masu kallonka yawancinsu a waya za su kalla, ba za su ga bambancin ba.

Sai yawan firam, wato hotunan da kyamara ke ɗauka a jere, a sakan guda. Finafinan silima da 24 suke aiki, amma kai wutar lantarkin ƙasarku za ka duba. A yawancin ƙasashen Afirka, Turai da Asiya wuta tana juyawa sau 50 a sakan, a Amurka da Kanada sau 60. Fitilu da yawa, musamman dogayen ƙwai da ƙananan LED masu araha, suna ƙiftawa tare da wannan juyi. Ido ba ya gani, kyamara kuwa tana kamawa, sai ka ga baƙaƙen layuka suna gangarowa a hoto. Inda wuta take 50, ka sa firam 25 da shota 1/50 (shota ita ce tsawon lokacin da kyamara ke karɓar haske a kowane firam, a nan kashi ɗaya cikin 50 na sakan). Inda take 60, firam 30 da shota 1/60. Kyamarar da ta zo da waya sau da yawa ba ta barin a taɓa waɗannan. Manhajar Open Camera tana barin a saita su kuma kyauta ce, haka ma Blackmagic Camera, sai dai ita ba kowace waya take hawa ba. A tsakar rana shota 1/50 zai sa hoto ya yi fari fat. Akwai wani baƙin gilashi da ake maƙala wa kyamara mai suna ND, aikinsa rage haske. In babu shi ka ƙara saurin shota. Motsi zai ɗan yi kaushi, amma ya fi hoton da ya ƙone.

Mafi muhimmanci duka, ka kulle fokas (inda hoto yake fita sarai), haske da launi kafin ka fara. In ka bar waya da ra'ayinta, da zarar jarumi ya gifta ta gaban taga hoton zai yi duhu ya dawo haske, bango ya sauya launi ana tsakiyar magana. Wannan ne ke tona asirin sabon shiga tun kafin a fahimci labarin. A wayoyi da yawa, in ka ɗora yatsa a kan fuskar jarumin ka riƙe kamar sakan biyu, za ta kulle fokas da haske. Launi kuwa a manhaja ake saita shi, da ma'aunin launin haske mai alamar K: kusan 5600K a hasken rana, kusan 3200K a ƙarƙashin ƙwan fitila mai jan haske.

Ka sa wayar a tsarin jirgin sama don kira kada ya katse maka ɗauka. Ka cire mata riga, ka kuma hana rana dukanta tsakanin fitowa da fitowa, domin in ta yi zafi takan rage inganci ko ta tsaya cak. In ba ka da sanda mai ƙafa uku, ka jingina ta da littattafai a kan tebur. Ranar da wayar ta gaza maka za ka sani da kanka, saboda za ka iya faɗin ainihin abin da ta kasa. A lokacin ma hayar kyamara ta kwana biyu ta fi saye, domin mai sayen kyamara sai ya sayi gilashinta, batura da katin memori kafin ya ɗauki sakan ɗaya.

Tambaya: Mun ɗauki wasa na minti shida ni da ƙawayena. Hoton ya yi kyau, amma magana ba ta fita, sai hayaniya da amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya. Ina muka kuskure? (Wata mai karatu)

Amsa: 'Yar'uwa, ga dukkan alamu da makirfon wayar da ke ɗaukar hoton kuka dogara, ita kuma tana nesa da bakin masu magana. Duk lokacin da tazarar makirfo da baki ta ninka sau biyu, ƙarfin murya yana raguwa da kusan disibel 6 (disibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Daga santimita 20 zuwa santimita 160 tazarar ta yi wannan ninkin har karo uku ke nan, wato an yi asarar kusan disibel 18, hayaniyar ɗakin kuwa tana nan yadda take. Shi ya sa makirfo mai araha da ke kusa da baki ya fi mai tsada da ke can nesa.

Hanyar da ba ta cin ko sisi ita ce ku ari waya ta biyu ta zama ta ɗaukar sauti kawai. Ku sa ta a aljihun gaban rigar mai magana, gindinta a sama, domin a nan makirfon yake. In a zaune suke, ku ajiye ta a kan tebur a bayan kofi ko littafi inda kyamara ba za ta gan ta ba. In da ɗan hali, ku sayi ƙaramin makirfo mai maƙalewa a riga, ku maƙala shi santimita 15 zuwa 20 a ƙasa da haɓa, ku kuma manne igiyarsa da salatif a cikin riga don kada ta riƙa goga. Ku duba bakin igiyar kafin ku biya: mai baƙaƙen zobba uku na waya ne, mai biyu na kyamara ne, kuma in kun sa shi a waya sau da yawa ba za ta gan shi ba, za ta ci gaba da ɗauka da nata makirfon ba ku sani ba. Ku ƙwanƙwasa shi da farce ku saurara, shi ne gwajin.

A manhajar ɗaukar sauti ku zaɓi nau'in fayil na WAV da saitin 48 kHz, domin da shi bidiyo yake aiki. Ku sa jaruma ta faɗi layin da ya fi ƙarfi a fitowar, ku daidaita har alamar ƙarfin sauti ta riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6. In ta taɓa 0 muryar ta fashe, kuma babu manhajar da za ta dawo da ita yadda take. Mutum ɗaya ya sa abin saurare a kunne, ba shi da wani aiki sai wannan.

A farkon kowace ɗauka, bayan an kunna wayoyin biyu, wani ya tsaya gaban kyamara ya faɗi lambar fitowar, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Wajen haɗawa za ku ga tafin ya yi tsini a zanen sautin, sai ku daidaita shi da firam ɗin da hannayen suka haɗu. Kafin ku bar kowane wuri kuma, kowa ya yi shiru a ɗauki sautin wurin na sakan 30 zuwa 60. Kowane ɗaki yana da nasa amon, kuma da shi ake cike giɓin da ke tsakanin maganganu. In babu shi, duk inda aka yanke kunne zai ji an yanke.

Amsa-kuwwa daga bango da daɓe marasa komai take fitowa. Ku rataya barguna, ku jingina katifa a bangon da ba ya cikin hoto, ku shimfiɗa darduma. Ku kashe fanka da firiji. A waje, soson da ke zuwa da makirfo ba ya tare iska sosai, sai mai gashi-gashi. Manhajar Audacity kyauta ce, tana rage ƙarar da ba ta sauyawa irin ta fanka, amma ba ta cire kukan yaro ko ƙahon mota, kuma in an matsa mata murya takan zama ta ƙarfe-ƙarfe.

Fim ɗin da kuka riga kuka ɗauka bai mutu ba. Ku tara 'yan wasan a ɗaki mai labule da katifa, ku kunna musu layi ɗaya sau uku, su maimaita daidai da motsin bakinsu, ku ɗauka, ku wuce na gaba. Aiki ne mai cin rai, amma minti shida yana yiwuwa a yini ɗaya. Mai kallo yakan yi haƙuri da hoto mai rauni, amma in bai ji magana ba zai wuce. Don haka kuɗin farko da ya shigo hannunku, makirfo ne haƙƙinsa.

Tambaya: Mu biyar ne muka haɗa ɗan abin da muke da shi. Labarinmu yana da 'yan wasa 12, akwai taron biki, asibiti da haɗarin mota da dare. Yaya za mu raba kuɗin? (Wasu abokai)

Amsa: Malamai, ku ajiye maganar rabon kuɗi tukuna, ku koma kan labarin, domin a kan takarda ake yanke wa fim tsada ko araha. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, kuma sabbin shiga in sun ɗauki shafi uku a yini sun yi ƙoƙari. Ku yi wannan lissafi. 'Yan wasa 12 da ku biyar mutum 17 ke nan. In kun yi kwana shida, za ku ciyar da mutum ku kuma biya masa kuɗin mota sau 102, ko da babu wanda ya karɓi ladan aiki. In kuka mayar da shi 'yan wasa uku da ma'aikata huɗu a kwana biyu, sau 14 ne. Nan kuɗin ƙaramin fim suke zurarewa, ba a kayan aiki ba.

Ku ɗauki takarda ku rubuta abin da kuke da shi kyauta: ɗakin wane, shagon wane, keken wane, wanda ya iya wasa a cikinku. Sannan ku gina labari a kansu. Daidai ruwa daidai tsaki. Dare, taron jama'a, ruwan sama, mota tana gudu, ƙananan yara da dabbobi, kowannensu yana ninka lokaci. Ba lallai ku zubar da labarinku ba, ku dai sauya inda kyamara take tsaye. Taron biki ana iya jin sa daga ɗakin da ke kusa, kyamara tana kan fuskar wanda ya ƙi fita. Haɗari kuwa ƙarar birki ce, allo ya yi duhu, sai wayar wani ta yi ƙara da safe. Wannan ya fi ratsa zuciya a kan haɗarin da aka ƙaƙaba ba da kayan aiki ba, kuma ba ku jefa ran kowa a hatsari ba. Kada ku gwada wasan mota a kan titi ko kusa.

Ku tsara ɗauka bisa wuri, ba bisa jerin labari ba. Duk fitowar da ke ɗaki ɗaya a gama ta a rana ɗaya, ko da ɗaya ta farkon fim ce ɗaya ta ƙarshe. Wannan yana buƙatar wani ya riƙa ɗaukar hoton kowane ɗan wasa da kayan wurin, don kada agogo ya koma ɗaya hannun ko kofi ya cika da kansa. Ku rubuta jerin ɗauka tun a gida: kowace fitowa sau ɗaya daga nesa, sannan kusa da fuskar kowane mai magana. In mutum biyu suna fuskantar juna, ku ƙaddara akwai layi a tsakaninsu, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin. In ta tsallaka, wajen haɗawa za ku ga su biyun suna kallon ɓangare ɗaya. Gwaji kuma kyauta ne, ku yi shi har sai kowa ya haddace, domin layin da aka manta a ranar ɗauka batir da hasken rana yake ci.

Bayan haka, ga jerin da muke ba da shawara: abinci da sufurin mutane, makirfo, wurin ajiyar bidiyo, batirin ajiya na cajin waya, sanda mai ƙafa uku, sai fitila a ƙarshe. Ku ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kada ku taɓa, domin sai an sake wata ɗaukar.

Abu ɗaya da abokai suke jin nauyin yi, daga baya ya raba su: ku rubuta yarjejeniya tun yanzu. Nawa kowa ya sa, wa ke da fim ɗin, a shafin wa za a ɗora, yaya za a raba in wani abu ya shigo. Kowane ɗan wasa ya sa hannu cewa ya yarda a nuna shi, yaro kuma iyayensa ne za su sa. Ku nemi izinin mai wuri, ku kuma bincika dokar inda kuke, domin wasu ƙasashe da birane suna buƙatar takardar izini kafin a ɗauki fim a bainar jama'a ko a sake shi.

Tambaya: In na ɗauka a cikin ɗaki hoton sai ya yi yashi-yashi, fuskoki su yi duhu. Ba ni da kuɗin fitilun fim. (Wani matashi)

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ke karɓar haske a cikin waya ɗan ƙarami ne. In haske ya yi ƙaranci sai ta ɗaga abin da ake kira ISO, shi ne yashin da kake gani. Maganinsa ƙarin haske, kuma taga ta ishe ka. Ka zaunar da ɗan wasa kusa da ita, hasken ya zo masa ta gefe da ɗan gaba, kai kuma kada ka fuskanci tagar. A ɗaya gefen fuskar wani ya riƙe farin kwali, tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya, ya mayar da hasken. Ka kashe ƙwan da ke rufin ɗaki: yana jefa inuwa a ramin ido, launinsa kuma yana karo da na rana. In rana ta faɗo kai tsaye, ka rataya farin ƙyalle marar kauri a tagar.

Fata mai duhu tana fita da kyau ƙwarai in an ba ta haske mai faɗi mai laushi. Matsalar ita ce in akwai farar riga fes ko farin bango, wayar takan auna su ta rage haske, fuska ta nutse. Ka auna a kan fuska ka kulle, ka kuma zaɓi tufafi masu launi. A waje, awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin faɗuwarta sun fi kyau. Da tsakar rana ka shiga inuwa. Fitowar dare ma da haske ake ɗaukarta, daga gefe ɗaya, a rage shi wajen haɗawa. In ka tashi sayen fitilar LED, ka nemi wadda aka rubuta wa CRI (ma'aunin yadda fitila ke fito da launi na gaskiya) 95 ko sama, don kada fata ta yi kore-kore.

Tambaya: Da tsohuwar kwamfutar yayana nake haɗawa, RAM ɗinta gigabait 4 ne. Tana maƙalewa, kuma a tsakiyar fim baki da murya sai su daina tafiya tare. Memori ma kullum a cike. (Wata ɗaliba)

Amsa: Ƙanwarmu, matsaloli uku ne, kowace da nata dalili. Rabuwar baki da murya yawanci daga wayar take. Wayoyi da yawa ba sa riƙe yawan firam daidai, suna ragewa suna ƙarawa gwargwadon haske da zafi, manhajar kwamfuta kuma tana ɗauka a tsaye yake. Kafin ki fara haɗawa, ki bi da bidiyon ta cikin HandBrake, kyauta ce, ki zaɓi 25 ko 30 gwargwadon yadda kika ɗauka, ki kuma zaɓi tsayayyen firam maimakon mai sauyawa.

Maƙalewa kuwa, DaVinci Resolve tana da nau'i na kyauta mai ƙarfi sosai, amma tana son RAM, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi nan take, kamar gigabait 16, ba ta wannan kwamfutar ba ce. Shotcut da Kdenlive kyauta ne, sun fi sauƙi, kuma dukansu suna iya yin ƙaramin kwafi marar nauyi na kowane bidiyo, ki yi aiki da shi, a ƙarshe manhajar ta koma kan na asali wajen fitarwa. Gajeren fim ma ana haɗa shi a waya da CapCut ko VN, ki dai duba kada a liƙa miki tambari, kuma wasu kayan cikin na biya ne.

Ga lissafin memori. Minti ɗaya na 1080p yana cin wajen megabait 130 a wayoyi da yawa, na 4K wajen 350. Ana yawan ɗaukar ninki goma na abin da zai shiga fim, don haka fim mai minti biyar minti 50 ne na ɗauka: kusan gigabait 6.5 a 1080p, fiye da 17 a 4K. Duk ranar da aka ɗauka, a kwafe a daren, wuri biyu aƙalla, uku ya fi, kuma kada a goge daga waya sai an buɗe kwafin an ga yana aiki. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: akwai katin memori na jabu da ke nuna gigabait 128 alhali cikinsa bai kai ba, yana karɓar bidiyo lafiya, daga baya ya ƙi buɗewa. Ki gwada sabon kati da manhajar H2testw kafin ki dogara da shi, ki kuma nemi mai alamar V30 ko U3. In za a turo miki bidiyo ta WhatsApp, a turo shi a matsayin takarda, in ba haka ba za a matse shi ya lalace.

Wajen fitarwa, nau'in fayil na MP4 da tsarin matse bidiyo na H.264, 1080p, megabit 8 zuwa 12 a sakan ya wadatar (megabit 8 ne ke yin megabait ɗaya). Fim mai minti shida a megabit 10 kusan megabait 450 ne, sai ki san datar da za ki tanada.

Tambaya: Na sa waƙar wani mawaƙi a fim ɗina, na kuma rubuta sunansa, amma YouTube ya ce akwai haƙƙin mallaka. Ba na ambace shi ba? (Wani mai karatu)

Amsa: Malam, ambaton suna ba izini ba ne. YouTube yana da tsarin da ake kira Content ID mai gane waƙa da kansa, mai waƙar kuma yana da zaɓin toshe bidiyon ko karɓe kuɗin tallarsa. Ka cire ta. Akwai ɗakin kiɗa na kyauta a cikin YouTube Studio. Akwai kuma kiɗa mai lasisin Creative Commons, amma ka karanta sharaɗin: BY yana nufin dole ka ambaci mai shi, NC yana nufin ba a neman kuɗi da shi. Abin da ya fi duka shi ne ka samu matashin makaɗi da shi ma yake neman a san shi, ya yi maka na fim ɗinka, ku rubuta yarda.

Tambaya: Ɗana ya dame ni in saya masa kyamara da kwamfuta, wai da fim zai riƙa samun kuɗi a intanet. Ni mai ƙaramin ƙarfi ce, sai na ci bashi. Abin yana biya kuwa? (Wata uwa)

Amsa: Mama, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki ci bashin. Kada ki ci, kada kuma ki sayar da abin da kike dogara da shi. Kafin YouTube ya fara raba wa mutum kuɗin talla a kan dogayen bidiyo, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12. Awa 4,000 minti 240,000 ne, wato fim mai minti shida sai an kalle shi har ƙarshe sau 40,000. Ana kaiwa, amma ba da fim ɗaya ba, ba kuma a lokacin da mai bin bashi zai jira ba.

Bukukuwan finafinai ma yawancinsu kuɗin shiga ake biya. A shafin FilmFreeway, inda ake tura finafinai zuwa bukukuwa, ana iya tace waɗanda suke kyauta, wasu kuma sukan yafe kuɗin in an rubuto musu da bayani. Wasu ba sa karɓar fim ɗin da aka riga aka ɗora a intanet, sai a karanta ƙa'ida kafin a ɗora. Ya kuma yi hattara da masu raba lambar yabo kowane wata ga duk wanda ya biya, sannan su sayar masa da kofin.

Ba za mu ce miki waya ta daidaita ɗan talaka da ɗan mai kuɗi ba. Ɗan mai kuɗi yana da wuta, data, kwamfuta da lokacin da zai yi fim goma su lalace ba abin da ya dame shi. Abin da waya ta kawo shi ne ƙofar koyo ta buɗe, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sha'awar yaron abin a riƙe ce, domin sana'a ce ta gaske. Kuɗin farko dai ba daga nasa fim ɗin suke zuwa ba, daga aikin da zai yi wa wasu ne: ɗaukar taruka, tallar ƙananan 'yan kasuwa, haɗa bidiyo, ɗaukar sauti. Masu son riƙe kyamara suna da yawa, waɗanda suka iya sauti da haɗawa kaɗan ne, a nan ya fi saurin samun gurbi.

Ki ce masa ya kawo miki fim mai minti uku da ya ɗauka da waya, wanda aka gama, magana tana fita, yana da farko da ƙarshe. In ya kawo, ki taimaka masa da makirfo da sanda mai ƙafa uku, waɗannan ba sa buƙatar bashi. Ya nemi masu aikin da suka riga shi ya riƙa bin su yana riƙe musu fitila da igiya, a nan zai taɓa kyamarar da ba zai iya saye ba. Kamfanin Blackmagic Design yana da littattafai da bidiyon koyar da haɗa fim kyauta a shafinsa. Kwamfuta kuma ta hannu ta isa, in RAM ɗinta ya kai gigabait 8 zuwa 16 kuma tana da ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD, kuma su uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su saya su riƙa karɓa-karɓa, muddin sun rubuta wa ke riƙe ta a wace rana da wanda zai biya gyara in ta lalace a hannunsa.